Nudibiranki ne ko tsutsa? Yadda ake gane ƙananan halittun teku daga hoton kusa

Tambaya: Malam, kwanan nan na fara nutso da kyamara ina ɗaukar ƙananan halittun teku daga kusa. Akwai wata aba da na ɗauka a kan dutsen murjani, baƙa mai ƙuraje-ƙuraje ruwan hoda, tsawonta bai fi santimita biyu ba. Wasu sun ce nudibiranki ne, wasu sun ce tsutsa ce, manhajar waya kuma ta ba ni sunaye uku daban-daban. Hoto ɗaya gare ni, daga sama na ɗauka. Ta yaya ake gane irin waɗannan halittu?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, amma ka faro da mai wuya. Waɗanda suka saɓa a kan hotonka kowannensu yana da hujja. A tekun Indiya da yammacin Pasifik akwai nudibiranki, wato dangin dodon koɗi marar ƙwanso, mai suna Phyllidiella pustulosa, baƙi da ƙuraje ruwan hoda. A ruwan nan dai akwai wata tsutsa mai faɗi, Pseudoceros imitatus, wadda masana suka bayyana a 1994, ta kwashe kamanninsa kaf, launi da ƙuraje. Nudibirankin soson teku yake ci, yana tara gubar soson a jikinsa, kifaye sun san shi suna kauce masa, saboda haka duk wanda ya sa irin rigarsa ya samu kariya a ɓagas. Kama da wane ba ta wane.

Ka faɗaɗa hoton ka duba gaban jikin. Phyllidiella yana da ƙahonni biyu baƙaƙe a tsaye, masu zobba-zobba a jere, suna fitowa daga ramuka biyu da ke ɗan baya da bakin gefen gaba. Da su yake sansano abinci a cikin ruwa, in ya ji motsi kuma yakan janye su ciki su ɓace. Ita tsutsar ba ta da ƙaho na gaskiya. Gefen jikinta na gaba ne ya lanƙwashe wuri biyu ya tashi sama, don haka za ka gan su daidai bakin gefe, ba rami, ba zobba. In hoton ya nuna wannan sarai, magana ta ƙare. In kuwa kan ya faɗa cikin dishi-dishi, sai mu koma ga abin da idonka ya gani a ƙasa. Nudibirankin mai kauri ne da tauri, kana iya daɗewa a kansa bai gusa ba. Tsutsar shafal take, tana malala a kan dutse, jikinta yana bin kowane tudu da kwari, kuma tana da sauri.

Za ka ji ana cewa a nemi tuntun numfashi a gadon baya, in akwai nudibiranki ne, in babu tsutsa ce. Wannan ƙa'ida tana aiki sau da yawa, amma a nan ba ta da amfani, domin dangin wannan nudibirankin, wato Phyllidiidae, duka a ƙarƙashin gefen jiki suke ɓoye gaɓoɓin numfashinsu, daga sama ba ka ganin komai. In ma ka ga tuntun a hotonka, to ba ko ɗaya daga cikin biyun ba ne, sai ka duba wajen Goniobranchus geometricus, nudibiranki na wani dangi daban wanda shi ma yake kwaikwayon kamannin 'yan wannan dangi. Har jaririyar wata kokwambar teku, Pearsonothuria graeffei, tana kwaikwayon wani ɗan dangin mai suna Phyllidia varicosa kafin ta girma ta koma launin ƙasa. Halittu daga manyan rassa uku da ba su haɗa komai ba, duk cikin riga kusan iri ɗaya.

Shi ya sa nake cewa launi ne shaida ta ƙarshe da za ka saurara, ko da yake shi ne farkon abin da ke kama ido. Ruwa yana shanye jan haske tun daga sama. Kafin ka kai mita biyar zuwa goma ja ya dushe. Ƙurajen nan da filashi ya nuna maka ruwan hoda, da ido kawai a zurfi toka-toka ko kore-kore za ka gan su. Sannan ga daidaita fari a kyamara, ga gyaran da mutum ke yi a kwamfuta yana ƙara wa launi ƙarfi don hoto ya yi kyau. Bayan wannan akwai halittar kanta: yaro da babba sukan bambanta, wasu kuma launin abin da suka ci ne yake bayyana ta cikin fatarsu. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2018 a kan nudibirankin jinsin Chromodoris ya nuna iri ɗaya yana iya sauya zane daga wuri zuwa wuri yana kwaikwayon maƙwabtansa, irin da ba ɗaya ba kuma su yi zane guda. Wanda ke bin launi kawai yana juya shafukan littafi har ya ga mai kama, zai sami suna, amma ba lallai ya sami gaskiya ba.

Abin da ya kamata a fara da shi ƙirar jiki ce. Tambaya ta farko: jikin mai laushi ne, ko mai ɓawo da gaɓoɓi? In mai gaɓoɓi ne, ƙirga ƙafafu. Ƙaguwa ta ainihi tana da awartaki biyu da ƙafafun tafiya huɗu a kowane gefe, zaren sansanarta gajere ne a tsakanin idanu. In ka ƙirga ƙafafu uku kawai a gefe, ga dogayen zare biyu daga wajen idanu, ga wasu mafitai masu gashi a baki tana kaɗa su cikin ruwa tana tace abinci, to 'yar dangin Porcellanidae ce, ta fi kusa da ƙaguwar nan mai shiga ƙwanson aro, ta naɗe ƙafarta ta ƙarshe ta ɓoye. Wanda aka matse shi daga gefe da gefe, bayansa a tanƙware, galibi amfifod ne. Wanda aka danne daga sama ya baje, galibi aisofod ne. Siraran nan masu tsayuwa a kan reshe da ƙafafun baya suna lilo da hannuwa a sama, waɗanda sukan cika reshe guda har ka ɗauka gashinsa ne, amfifod ne na dangin Caprellidae. In kuwa ƙafafu takwas ne dogaye, jiki kusan babu, sai wani ɗan bututu a gaba, gizo-gizon teku ne. Jatan lande ya fi su wahala. Masana suna ƙirga haƙoran tsinin da ke tsakanin idanunsa, suna duba siffar awartakinsa na biyu da ƙayoyin wutsiya, abubuwan da hoto daga sama ba ya cika nunawa sarai.

In mai laushi ne, ka duba abin da ke gadon baya. Tuntu guda a baya da ƙahonni biyu a gaba, nudibiranki ne na reshen dorid. Yatsu-yatsu da yawa a jere, ga wasu dogayen zare biyu a gefen baki ban da ƙahonnin, reshen eyolid ke nan, masu cin halittu masu harbi su adana harbin a kan yatsunsu. Amma akwai wasu masu yatsun da ba nudibiranki ba ne sam, su ne sakoglosa masu tsotsar ciyawar teku, da yawansu ƙahonninsu a naɗe suke kamar tabarma. In ka ga wani tudu mai laushi a kan reshen murjani mai kama da reshen sak, jira kaɗan, wataƙila katantanwa ce ta dangin Ovulidae da ta lulluɓe ƙwansonta da fata. Da ta ja fatar za ka ga sheƙin ƙwanso. Wani tabo kuma mai faɗi a jikin tauraron teku, da kowa zai rantse tsutsa ce, in ya saki dogayen zare biyu masu rassa yana kamun abinci, Coeloplana ne, daga wani reshe daban gaba ɗaya.

Shaida ta biyu, wadda na fi amincewa da ita bayan ƙira, ita ce a kan me halittar take zaune. Yawancin waɗannan ƙanana ba yawo suke yi ba. Abincinsu ne gidansu, ko kuma suna da mai masauki guda da ba sa rabuwa da shi. 'Yar koriyar nan mai idanu biyu kusa da juna da masu hoto ke so, Costasiella, wadda ba ta cika kai santimita ɗaya ba, a kan ganyen ciyawar Avrainvillea ake samunta, tana tsotse shi tana riƙe ƙwayoyin korensa da rai a jikinta. Jatan lande Periclimenes colemani yana zama bibbiyu a kan bushiyar teku mai dafi ta jinsin Asthenosoma, a wani ɗan fili da babu ƙaya. Lauriea siagiani, wani ɗan'uwan ƙaguwa mai gashi ruwan hoda, yana cikin lungunan katon soson Xestospongia. Ƙaguwa Hoplophrys oatesi tana kan murjani mai laushi na Dendronephthya, ta yi ƙayoyi irin nasa. Nudibirankin Phyllodesmium da yawa suna cikin murjanin Xenia, yatsunsu sun yi kama da nasa har sai ka lura cewa wani ɓangare ba ya buɗewa da rufewa tare da saura. Nudibirankin Doto kuwa a kan haidiroid suke, wato ƙananan halittu masu harbi da ke kama da reshen tsiro, sau da yawa kowane iri da nasa.

Amfanin wannan biyu ne. Da farko yana rage maka yawan waɗanda ake zargi daga ɗaruruwa zuwa 'yan kaɗan. Na biyu yana bayyana maka launin da zai ruɗe ka: jatan landen da ke zama a kan kirinoyid, masu hannuwa kamar gashin tsuntsu, launin mai masaukinsu suke ɗauka, saboda haka baƙi da rawaya da ja duk suna iya zama iri ɗaya. Sai dai a yi hattara. Zama a kan abu ba cinsa ba ne. Nudibiranki yana iya ratsa soso a kan hanyarsa ta zuwa wani wuri. Nemi alamar ci, wato wurin da aka kankare ya yi fari, ko ka ga kansa a kife a wuri ɗaya. Ƙwai ma shaida ne. Nudibiranki yana zuba su a naɗe, zagaye cikin zagaye, kuma siffar naɗin da launinsa suna bin dangi. To amma ko nan akwai tarko, domin nudibirankin Favorinus ƙwan wasu yake ci, in ka gan shi a kan naɗin ƙwai ba lallai nasa ba ne.

Akwai abin da ba ka faɗa ba a tambayarka, kuma da shi ya kamata ka fara: a ina ka ɗauki hoton? Duk bayanin da na yi a sama na gina shi ne a kan zaton tekun Indiya ko Pasifik. Hoto daga mashigin Lembeh a Indunusiya ko Anilao a Filifin ba a auna shi da littafin Karibiyan, ko da kamannin sun dace. Ɗan jatan landen nan mai ɗaga wutsiya a gefen furen teku, Thor amboinensis, an daɗe ana ɗaukarsa iri ɗaya ne a duk tekuna masu ɗumi, sai da aka duba ƙwayoyin gado aka ga iri-iri ne, a 2021 aka ba na yammacin Atlantika sunansa daban, Thor dicaprio. Nudibiranki Pteraeolidia ianthina ma haka: tun 2015 sunan ya koma na waɗanda ke gaɓar kudu maso gabashin Ostiraliya kaɗai, na wurare masu zafi aka mayar da su ƙarƙashin Pteraeolidia semperi. A irin waɗannan, wuri ne ke raba gardama, ba hoto ba. Kuma iyakokin ba a kulle suke ba. Tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 halittun Bahar Maliya suke tsallakawa Bahar Rum, Goniobranchus annulatus yana cikinsu. Tare da wuri ka rubuta zurfi, da rana ne ko da dare, yashi ne ko dutse.

Girma kuma kada ka dogara da ido. Gilashin fuska yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa, shi ya sa kusan kowane sabon mai nutso yake ƙara wa abin da ya gani tsawo. Kyamara ta fi ka gaskiya. Idan ruwan tabarau yana kan ɗaya-da-ɗaya, faɗin hoton daidai yake da faɗin farantin da ke karɓar haske, milimita 36 a manyan kyamarori. Halittar da ta cika rabin hoton milimita 18 ke nan. In ka ƙara gilashin faɗaɗawa a gaba, ka ɗauki hoton rula a cikin ruwa da saiti iri ɗaya, ka ajiye shi don awo.

Yanzu ga inda nake ganin yawancin masu hoto suke yi wa kansu. Hoton da ke burge mutane daban, hoton da ake gane halitta da shi daban. Na burgewa shi ne fuska da fuska, ƙaho ɗaya ya fito tsaf, sauran jiki ya narke, baya baƙi ƙirin. Ka nuna wa masani wannan, sai ya yaba ya ce bai sani ba, domin ka goge masa mai masauki, ka ɓoye masa wutsiya da gefen jiki. A kan ɗaya-da-ɗaya, ko ka tsuke ƙofar haske zuwa f/22, kaurin abin da zai fito sarai bai kai milimita uku ba. Ba yadda za a yi hoto guda ya ɗauki komai. Saboda haka ka ɗauki na kwalliyar in kana so, amma kafin ka tashi ka ƙara wasu: ɗaya daga sama, farantin kyamara a layi ɗaya da gadon bayan halittar don duk jikin ya fito, ɗaya daga gefe, wanda ke nuna ƙafa da kauri da tsinin jatan lande, ɗaya na kai, sannan ka ja baya ka ɗauki halittar da abin da take kai da kewayenta. Wannan na ƙarshen ba wanda zai yaba shi, amma sau da yawa shi ke kawo suna. Ɗan gajeren bidiyo ma yana da daraja, tafiya kaɗai da ta raba maka tsutsa da nudibiranki tun a ƙasa.

Haƙuri ake yi, ba taɓawa. Wanda aka tsokana da tsinke yana janye ƙahonni da tuntu ya dunƙule, wato daidai abubuwan da kake nema ne suke ɓacewa. Wanda aka ɗauke aka ɗora a wuri mai kyau kuma an raba shi da abincinsa, an kuma sa hoton ya yi ƙarya, wani zai gani ya rubuta cewa a nan yake zama. Ban da haka, haidiroid yana harbi, bushiyar Asthenosoma tana da dafi, wasu katantanwa masu siffar mazurari na jinsin Conus sun kashe mutane.

Sai maganar inda ya kamata a tsaya. Nudibiranki da aka bayyana sun haura 3,000, kuma a wurare irin su Filifin da Indunusiya har yanzu ana ɗaukar hoton da yawa da ba su da suna. Masu ba da suna ba da hoto suke aiki ba. Suna fiɗa halittar, su duba haƙoran harshenta da na'urar hangen ƙanana, su duba gaɓoɓin haihuwa, su karanta ƙwayoyin gado. Akwai iri-irin da ba a raba su sai ta nan, komai kyan hotonka. Babban jan nan mai iyo yana kaɗa gefen jiki, Hexabranchus, wanda ya fi tafin hannu girma, sai a 2023 aka tabbatar iri biyar ne. To ina ga abin da bai kai ƙwayar ido ba? Shi kansa Phyllidiella pustulosa bincike ya nuna akwai zuriyoyi fiye da ɗaya a ƙarƙashin sunan. Don haka masana suna da alamomin tsayawa. In ka tabbatar da jinsi amma ba ka tabbatar da iri ba, sai ka rubuta Phyllidiella sp. In ya yi kama da wani sananne amma da sauran shakka, Phyllidiella cf. pustulosa. In dangi kawai ka kai, ka rubuta dangin. Wannan ba gazawa ba ce. Suna cikakke na kuskure ya fi ɓarna, domin wani zai kwafa daga gare ka, wani ya kwafa daga gare shi, har kuskuren ya zama shi ne abin da injin bincike ke nunawa. Haka ya faru da Costasiella kuroshimae, wadda aka bayyana daga Jafan a 1993: yau kusan kowace 'yar koriyar jinsin ana liƙa mata wannan suna a intanet.

Sunaye ma suna sauyawa, kada wannan ya ruɗe ka. A 2012 Rebecca Johnson da Terrence Gosliner na Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya suka sake tsara dangin Chromodorididae, da yawa daga cikin Chromodoris suka koma Goniobranchus da Felimida. A 2010 an cire wasu jatan lande masu zama a furen teku daga Periclimenes aka kai su Ancylomenes. Zai yiwu biyu daga cikin sunaye ukun da manhaja ta ba ka abu ɗaya ne, tsohon suna da sabo. Wurin tantance wannan shi ne WoRMS, rajistar halittun teku ta duniya da ke Ostend a Beljiyam, wadda ke ɗauke da sunayen iri sama da 240,000 da aka amince da su. Ka sa suna, za ta gaya maka ko yana aiki ko an maye gurbinsa.

Ita manhaja, ka ɗauke ta mai ba da shawara. Ta koyi aikinta ne daga hotunan da mutane suka sa wa suna, galibi launi da zane take bi, wato daidai shaidar da masu kwaikwayo suka lalata, kuma irin da ba a taɓa nuna mata ba sai ta ba shi sunan mafi kusa. Ta fi amfani in ka nemi ta kai ka dangi, sannan ka ci gaba da kanka. A shafin iNaturalist, inda mutane ke sa hotunan halittu don a gane su, kana iya sa hotunan duka a matsayin gani ɗaya, da wuri da rana, mutane su duba. Sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa sun yarda da suna kafin a ɗauke shi abin dogaro ga bincike. In za ka sa, ka sa hoton da ba ka taɓa launinsa ba, wanda ba ka yanke gefensa ba, ka rubuta zurfi da tsawo da abin da halittar take kai, ka kuma faɗi sunan da kake zato da dalilinka. Masanin da ya ga dalilinka zai iya nuna maka daidai gaɓar da ka duba ba daidai ba, ita ce kuma za ka fara nema a nutso na gaba.